Yinka Dare: Haifaffen Kano da ya buga gasar NBA

A ranar 9 ga watan Janairun 2004 ne Yinka Dare ya yanke jiki ya faɗi a gidansa da ke garin Englewood na jihar New Jersey a Amurka, kuma daga nan bai sake tashi ba. Yana da shekara 31 a duniya.

Shekara goma kafin wannan rana, masu sharhin wasanni a Amurka na sanya shi cikin matasan da ake sa ran za su yi fice a ƙwallon kwando, har wasu na yi masa kallon magajin Hakeem Olajuwon.

Sai dai wasa 110 kawai ya buga a gasar ƙwararru ta NBA. Tarihinsa ya zama abin misali a kan abin da ke faruwa idan aka ɗora wa matashi kayan da bai gama shirin ɗauka ba.

Daga Kano zuwa Amurka

An haifi Yinka Dare a birnin Kano a ranar 10 ga watan Oktoban 1972.

Tsawonsa ya kai ƙafa bakwai, wato kimanin mita 2.13, nauyinsa kuma ya kai kusan kilo 120 a lokacin da yake ganiyar wasa.

Bai tashi da ƙwallon kwando a hannu ba. Rahotanni sun nuna cewa wasan tanis ya fi ɗaukar hankalinsa a ƙuruciya.

Kamar yadda jaridun Amurka suka ruwaito, wani lauya ɗan Najeriya mazaunin Amurka mai suna Lloyd Ukwu ne ya yi kiciɓis da shi a Legas a 1991. Yana tuƙi ne ya hangi wani dogon saurayi zaune a kan benci yana cin abinci, sai ya tsaya ya tambaye shi tsawonsa, saurayin kuma bai ma san adadin ba.

Wannan haɗuwa ce ta buɗe masa hanyar zuwa Amurka, inda ya fara da makarantar share fagen shiga jami'a ta Milford, wadda a lokacin take jihar Connecticut.

A 1992 ya shiga Jami'ar George Washington da ke babban birnin ƙasar, a ƙarƙashin mai horar da 'yan wasa Mike Jarvis.

Makamin dogaye

A ƙwallon kwando, ƙarfen da ragar ke rataye a jiki na da nisan ƙafa goma daga ƙasa, wato mita 3.05.

Akasarin 'yan wasa daga nesa suke jefa ƙwallo. Amma mai tsawo ko mai ƙarfin tsalle kan tashi sama ya danƙara ta cikin kwandon da hannunsa, abin da ya fi komai tayar da 'yan kallo tsaye.

Wannan salo ya daɗe yana jawo muhawara. Hukumar wasannin jami'o'in Amurka ta haramta shi daga 1967 zuwa 1976, kuma mutane da dama na ganin an yi haka ne don rage kaifin Lew Alcindor, wanda daga baya ya musulunta ya koma Kareem Abdul-Jabbar.

A ƙarshen 1979 kuma, Darryl Dawkins ya farfasa allon gilashin kwando har sau biyu cikin makonni uku saboda ƙarfin danƙarawarsa, lamarin da ya sa aka koma amfani da ƙarfe mai lanƙwasawa ya koma yadda yake.

Ga matashi irin Dare da ya fara wasa a makare, wannan shi ne makamin da ya fi saurin koyuwa. Muddin ƙwallo ta isa hannunsa a gindin kwando, 'yan wasan jami'a kaɗan ne ke iya tare shi.

Shekaru biyu na tashe

A kakarsa ta farko, ta 1992 zuwa 1993, yana cin kimanin maki 12 a kowane wasa, yana cafke ƙwallon da ta dawo daga allo sau 10, yana kuma buge ƙwallon abokan hamayya kusan sau uku.

Mujallar Sports Illustrated ta zaɓe shi a matsayin gwarzon sababbin 'yan wasan jami'a na shekarar.

A watan Maris na 1993, jami'arsa ta shiga gasar ƙasa ta jami'o'i ba tare da kowa na yi mata zaton abin kirki ba. Ta doke Jami'ar New Mexico, ta doke Jami'ar Southern, ta kai zagayen ƙungiyoyi 16 na ƙarshe.

A nan ne ta haɗu da Jami'ar Michigan mai taurari irin su Chris Webber da Juwan Howard da Jalen Rose, ta sha kashi da ci 72 da 64.

Har yau jami'ar ba ta sake kaiwa wannan matsayi ba a gasar maza.

A kaka ta biyu makinsa ya ƙaru zuwa kimanin 15 a kowane wasa, jami'ar kuma ta kai zagaye na biyu na gasar ƙasa kafin Jami'ar Connecticut ta fitar da ita.

Duk da wannan nasara, masana wasan na nuni da giɓin da ke tattare da shi. Bai ƙware wajen jifa daga nesa ba, bai saba miƙa wa abokin wasa ƙwallo idan an yi masa taron dangi ba, kuma sarrafa ƙafarsa na buƙatar ƙarin horo.

Yana da sauran shekaru biyu a jami'a da zai iya gyara waɗannan abubuwa. Sai ya zaɓi ya bar karatu ya shiga gasar ƙwararru.

A inuwar Olajuwon

Ba za a fahimci irin fatan da aka ɗora wa Dare ba sai an duba abin da ya faru a watan Yunin 1994.

A ranar 22 ga watan, Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, ya jagoranci Houston Rockets ta doke New York Knicks ta ɗauki kofin NBA karo na farko a tarihinta. A wannan kakar shi ne gwarzon ɗan wasan gasar, shi ne gwarzon mai tsaron baya, shi ne kuma gwarzon wasannin ƙarshe.

Mako ɗaya bayan haka, a ranar 29 ga wata, aka yi zaɓen sababbin 'yan wasa a birnin Indianapolis, inda New Jersey Nets ta ɗauki Dare a matsayi na 14.

Kamannin a bayyane suke. Dukkansu dogaye ne daga Najeriya, kuma dukkansu sai da suka zama samari kafin su rungumi ƙwallon kwando.

Amma akwai bambancin da aka kau da kai daga gare shi. Olajuwon ya isa Houston a 1980, bai buga wa jami'a wasa ba a shekarar farko, sannan ya shafe hutun bazara yana gogayya da ƙwararren ɗan wasa Moses Malone. Ya buga kaka uku cikin tawagar da ake wa laƙabi da Phi Slama Jama saboda yawan danƙara ƙwallo, ya kai wasan ƙarshe na ƙasa sau biyu, kafin ya shiga NBA a 1984.

Bugu da ƙari, ya taho da sarrafa ƙafa da ya koya tun yana tsaron gida a ƙwallon ƙafa da kuma buga ƙwallon hannu a Legas.

Shi kuwa Dare, shekara uku ce kacal tsakanin ranar da aka gan shi a kan benci da ranar da aka kira sunansa a Indianapolis.

Akwai kuma batun kuɗi. Zaɓen 1994 shi ne na ƙarshe kafin NBA ta ƙayyade albashin sababbin 'yan wasa a 1995. Glenn Robinson da aka ɗauka na farko a shekarar ya samu kwantiragin dala miliyan 68 na shekara goma, yayin da Dare ya sanya hannu a kan na shekara shida, na kimanin dala miliyan 9.

Minti uku

Nets ƙungiya ce mai tarihi da masu danƙara ƙwallo. Julius Erving ɗan wasanta ne lokacin da ya yi fitaccen tsallensa daga layin jifan kyauta a gasar danƙarawa ta 1976, shi ma Dawkins ya buga mata wasa daga 1982 zuwa 1987.

Amma a lokacin da Dare ya iso, ƙungiyar na cikin ruɗani. Tauraronta Drazen Petrovic ya mutu a haɗarin mota a Jamus a watan Yunin 1993, mai horar da ita Chuck Daly kuma ya ajiye aiki a 1994.

A kakarsa ta farko, minti uku kawai Dare ya buga a wasa ɗaya tilo. Ciwon gwiwa ne ya zaunar da shi har ƙarshen kakar.

Ga ɗan wasan da babban abin da yake buƙata shi ne gogewa a fili, rasa shekara guda cur ba ƙaramar asara ba ce.

Da aka ba sababbin ƙungiyoyin Toronto da Vancouver damar zaɓar 'yan wasa daga sauran ƙungiyoyi a 1995, Nets ba ta sanya shi cikin waɗanda ta kare ba, kuma babu wadda ta ɗauke shi a cikin biyun.

A kakar 1995 zuwa 1996 ya buga wasa 58, mafi yawa a rayuwarsa. A cikinsu duka bai miƙa wa abokin wasa ƙwallon da aka ci da ita ba ko sau ɗaya, alhali ya ɓarar da ƙwallo sau 72.

Wannan adadi ya zama abin barkwanci a jaridun New York da tashoshin wasanni, kuma ya manne wa sunansa har bayan mutuwarsa.

A watan Nuwamban 1995 ƙungiyar ta kawo Shawn Bradley, wanda ya fi shi tsawo, domin riƙe gurbin da aka ɗauko shi dominsa. Zuwan John Calipari a matsayin mai horarwa a 1996 bai sauya masa komai ba.

A watan Fabrairun 1998 aka miƙa shi ga Orlando Magic tare da David Benoit da Kevin Edwards, a musayar da ta kawo Rony Seikaly zuwa Nets. Orlando ta sallame shi ba tare da ya buga mata wasa ba.

Ya bar NBA yana da shekara 25, da matsakaicin maki 2.1 a kowane wasa. Sau huɗu kawai ya miƙa ƙwallon da aka ci a tsawon kaka huɗu.

Bayan NBA

Barin babbar gasar bai sa ya jingine wasa ba.

A 1998 yana cikin tawagar Najeriya da ta je gasar ƙwallon kwando ta duniya a ƙasar Girka, karon farko da ƙasar ta samu gurbi. Najeriya ta ƙare a matsayi na 13 cikin ƙasashe 16.

Ya ci gaba da buga wasa jefi-jefi a ƙananan gasanni na Amurka, inda albashi ba ya taka kara ya karya, har zuwa 2003.

Binciken likita bayan mutuwarsa ya nuna bugun zuciya ne ya yi ajalinsa, sakamakon matsalar rashin daidaiton bugawar zuciya da aka gano tun yana jami'a.

Ba shi ne ɗan wasan kwando na farko da ciwon zuciya ya ɗauke yana matashi ba. Hank Gathers ya faɗi a tsakiyar wasan jami'a a 1990, Reggie Lewis na Boston Celtics ya faɗi a wurin atisaye a 1993. Bayan mutuwar Jason Collier na Atlanta Hawks a 2005, NBA ta wajabta wa 'yan wasanta gwajin zuciya na bai ɗaya daga 2006.

Abin da ya bari

Waɗanda suka san Dare ta alƙaluman NBA kaɗai kan ɗauke shi a matsayin wanda ya gaza.

Sai dai saurayin da ya fara koyon wasa yana dab da shekara 19, ya kuma shiga sahun mutum 14 na farko da babbar gasar duniya ta zaɓa yana da shekara 21, ya yi abin da 'yan wasa ƙalilan ne suka taɓa yi. Hausawa kan ce sauri ya haifi nawa, kuma saurin ba nasa ba ne shi kaɗai, har da na masu neman sabon Olajuwon ido rufe.

Tun bayan zamaninsa, hanyar da matasan Afirka ke bi zuwa Amurka ta sauya.

A 2003, Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya ya kuma koyi wasan a can, ya kafa gidauniyar Giants of Africa domin horar da yara tun suna ƙanana. Shi ne shugaban Toronto Raptors lokacin da ta ɗauki kofin NBA a 2019.

NBA da kanta ta buɗe makarantar horar da matasa a garin Saly na ƙasar Senegal, sannan ta haɗa kai da hukumar ƙwallon kwando ta duniya FIBA suka fara gasar ƙungiyoyin Afirka ta BAL a Kigali a 2021.

Tawagar Najeriya ta maza kuwa ta ɗauki kofin Afirka a Tunisiya a 2015, ta kuma doke Amurka da ci 90 da 87 a wasan sada zumunta a Las Vegas a watan Yulin 2021.

Manufar waɗannan tsare-tsare ita ce yaro mai tsawo a Kano ko Zariya ko Birnin Kebbi ya samu mai koya masa jifa da miƙa ƙwallo da sarrafa ƙafa tun kafin wani ya yi masa kirarin tauraro.

Irin wannan lokaci na koyo shi ne abin da Yinka Dare bai samu ba.