Joyce Grenfell: matar da ke cika dandamali da jama'a alhali ita kaɗai ce a kansa

Har yau a Birtaniya, idan aka ambaci wani yaro George na ajin renon yara, tsofaffi da dama sai ka ga sun yi murmushi. Yaron nan ba a taɓa haihuwarsa ba. Wata mata ce doguwa, mai manyan haƙora da fara'a, take tsayawa ita kaɗai a kan dandamali cikin doguwar riga, ta zama malamar ƙananan yara, ta yi ta lallashin ajin da babu kowa a cikinsa. Tana tsakiyar ba su tatsuniya sai ta ɗaga ido ta hango George can baya, ta ce masa ya bari. Ba ta taɓa faɗin abin da yake yi ba. Kowane ɗan kallo shi ke cike gurbin da abin da ransa ya raya masa, kuma a nan dariyar take.

Sunan matar Joyce Grenfell. Ta rasu a Landan ranar 30 ga watan Nuwamba na 1979 tana da shekara 69, bayan ta shafe fiye da shekara talatin tana rubuta wasanninta da hannunta, tana kuma gabatar da su da bakinta. A zamaninta mata ƴan wasan barkwanci suna da yawa a Ingila, amma galibi maza ke rubuta masu abin da za su faɗa. Ita ba haka ba.

An haife ta ranar 10 ga Fabrairu na 1910 a unguwar Knightsbridge, ɗaya daga cikin unguwannin masu hali na Landan, aka raɗa mata suna Joyce Irene Phipps. Mahaifinta Paul Phipps mai zanen gine-gine ne. Mahaifiyarta Nora Langhorne ƴar jihar Virginia ce ta Amurka, mace mai kaɗa jita da waƙa da iya kwaikwayon muryar duk wanda ta ji, amma kuɗi ba sa kwana a hannunta. Yayar Nora kuwa ita ce Nancy Astor, mace ta farko da ta zauna a kan kujerar majalisar dokokin Birtaniya a 1919, matar ɗaya daga cikin manyan attajiran ƙasar. Ke nan Joyce ta tashi a gindin dukiya ba tare da dukiyar ta zama tata ba. Tana cin abinci a teburi ɗaya da ministoci da marubuta a Cliveden, katafaren gidan su Astor da ke bakin kogin Thames, sannan ta koma gidan iyayenta inda ake lissafin bashi. Yaron da ya taso a irin wannan matsayi yakan koyi rufe baki da buɗe kunne, kuma duk sana'arta daga baya a kan kunnen nan ta tsaya.

Akwai wata ƴar wasa Ba'amurkiya, Ruth Draper, wadda ta shahara da wasan mutum ɗaya, inda take magana da mutanen da ba a gani har ɗan kallo ya rantse yana ganin su. Tana da alaƙa da gidan su Joyce, kuma tun Joyce na ƙarama take ganin wasanta. Duk da haka ba ta hau wannan hanya da wuri ba. An kai ta Paris tana budurwa don ta goge, kamar yadda ake yi wa ƴaƴan manya a lokacin. Ta shiga babbar makarantar koyon wasan kwaikwayo ta Landan, ta yi zango ɗaya kacal ta fita. Ranar 12 ga Disamba na 1929, tana da shekara 19, aka ɗaura mata aure da Reginald Grenfell, mutum mai sanyin hali da ya yi aiki a harkar kamfanonin ma'adinai. Auren iyayenta kuwa a daidai wannan lokaci yake watsewa, mahaifiyar ta koma Amurka da wani mijin. Daga nan Joyce ta shiga rubuta mata dogayen wasiƙu ba ƙaƙƙautawa, shekara da shekaru.

Ma'auratan ba su da kuɗi sosai, don haka Nancy Astor ta ba su aron wani ƙaramin gida a cikin filin Cliveden. Alheri ne, amma alherin mai ƙarfi yana zuwa da igiya: duk lokacin da aka rasa wanda zai cike kujera a liyafa sai a aiko a kira ta. A irin wannan zama ne ta haɗu da J. L. Garvin, editan jaridar Observer, wadda ita ma mallakar su Astor ce. Ya ji yadda take ba da labarin shirye-shiryen rediyo, ya ba ta aikin sharhi a kansu a jaridar. Ba sai an ɓoye ba, dangi ne suka buɗe mata wannan ƙofa. Ta gaba kuwa da kanta ta tura ta.

A farkon 1939 aka gayyace ta cin abincin dare a gidan Stephen Potter, marubuci kuma ma'aikacin BBC. Bayan an ci an sha, ta tashi ta kwaikwayi wata mata da ta ji tana ba da lacca a taron ƙungiyar matan karkara, tana koya masu yadda za su haɗa kyaututtuka daga tarkacen gida: kwandon shara daga tsohon gwangwani, furen ado daga ɓawon ƴaƴan itace. Cikin baƙin akwai Herbert Farjeon, mai shirya wasannin dandamali, ita kuma ba ta san ko wane ne ba. Ya nemi ta zo ta yi wannan abin daidai yadda ta yi shi a cikin sabon shirinsa, The Little Revue. Aka buɗe a watan Afrilu, aka yi ta nuna shi sau ɗaruruwa, matar auren da ba ta taɓa karɓar ko kwabo a kan wasa ba ta wayi gari jaridu na maganarta.

Sai yaƙin duniya na biyu ya ɓarke. Mijinta ya shiga soja, ita kuma tana raba lokacinta tsakanin dandamalin Landan, inda ake wasa bama-bamai na sauka a gari, da asibitin sojojin Kanada da aka kafa a Cliveden. A 1944 da 1945 ta yi doguwar tafiya har sau biyu a ƙarƙashin hukumar da ke kai wa sojoji nishaɗi, tare da Viola Tunnard mai kaɗa piyano. Sun bi ta Aljeriya, Malta, Italiya, Masar, Siriya, Iraƙi, Iran har Indiya. Ba manyan filayen taro suka fi zuwa ba, ɗakunan majinyata suke shiga, a turo piyano tsakanin gadaje, su yi wasa a wannan ɗaki su wuce na gaba, sau da yawa a rana guda. A gaban samarin da suka rasa ƙafa ko ido, barkwancin ƴan gayun Landan ba ya cin kasuwa. Dole ta koyi waƙoƙin da suke so, ta koyi zama a bakin gado ta saurari mutum. A ganina a waɗannan ɗakuna ne ƴar manyan gida mai iya kwaikwayo ta zama cikakkiyar ƴar wasa. An ba ta lambar girmamawa ta OBE a 1946.

Da Stephen Potter kuma suka yi jerin shirye-shiryen rediyo na zolaya, masu koya wa mutane yadda ake yin abin da kowa ke zaton ya iya. Ɗaya daga ciki, a kan yadda ake sauraron rediyo, an sa shi a daren da BBC ta buɗe tasharta ta uku a watan Satumba na 1946. Malamar ajin renon yara ma daga wani shiri na wannan jeri ta samo asali, wanda aka yi kan yadda ake magana da yara.

Mutanen da ba su taɓa shiga gidan wasa ba, a silima suka san ta. A 1950 ta fito a The Happiest Days of Your Life a matsayin malamar motsa jiki mai rawar kai, ta kuma yi ƴar gajeriyar fitowa a Stage Fright na Alfred Hitchcock. A Genevieve na 1953 ita ce mai otal da ke jera wa baƙi dokokin ruwan wanka. Sai finafinai uku na St Trinian's, a 1954 da 1957 da 1960, labarin makarantar ƴan mata marasa jin magana, inda ta zama Ruby Gates, ƴar sandar da shugabanta ya yi wa alkawarin aure ya bar ta tana jira shekara da shekaru. Masu shirya fim sun ga tsawonta da haƙoranta, suka ɗaure ta a turke ɗaya: tuzuruwar mace mai zumuɗi da kowa ke yi wa dariya. Ta yi rawar da kyau, amma ba ita ta rubuta ba, kuma ba a nan zuciyarta take ba.

Wanda ke son sanin gwanintarta sai ya duba abin da ta rubuta wa kanta. A 1954 ta buɗe nata shirin a Landan, Joyce Grenfell Requests the Pleasure, ta kai shi New York a shekarar da ta biyo, har ta fito a shirin talabijin na Ed Sullivan a 1956 a dare ɗaya da Elvis Presley. Daga baya ta rage komai, ya zama ita ce kawai da mai piyano William Blezard, na tsawon sa'o'i biyu, babu kayan ado na dandamali in ban da kujera da ɗan mayafi ko hula. Da yawa daga cikin waƙoƙinta Richard Addinsell ne ya sa masu kiɗa, kalmomin kuwa nata ne.

Matan da ta ƙirƙira ba duka ne na dariya ba. Akwai matar shugaban jami'a mai yawan karatu da ruɗewa, akwai budurwar unguwar talakawan Landan mai ba ƙawarta Shirley labarin saurayi, akwai matan da ke rawa da juna a gidan rawa saboda maza sun yi ƙaranci. Amma akwai kuma wata mata a Ostareliya da ke rabuwa da masoyinta ta wayar tarho, domin ba za ta iya barin tsohon mahaifinta da take jinya ba. Akwai wadda ta ƙarar da rayuwarta tana hidimar ƴan'uwanta maza uku, suka yi aure suka watse suka bar ta. Akwai kuma dattijuwar da ta hau jirgin sama karo na farko za ta Amurka ganin ɗanta, wanda ya auri baƙar fata, tana ta zuba wa maƙwabcin kujerarta surutu, a hankali sai ka gane tsoronta ɗaya ne: kada ta yi wa surukarta wani abin da zai ɓata mata rai. A ƙarshen shekarun 1960, lokacin da maganar launin fata ke da zafi a Ingila da Amurka, ba ƙaramin abu ba ne a sa ƴan kallo Turawa masu rufin asiri su zauna cikin zuciyar wannan uwa.

An sha yi mata suka, kuma sukar ba ta rasa tushe ba. Wasu na ganin ƴar gata ce ke kwaikwayon muryar matan da ba su kai ta ba, don masu kuɗi su yi dariya. A wasanninta na farko akwai ƙanshin haka. Da guguwar sabbin ƴan barkwanci ta taso a shekarun 1960, masu caccakar gwamnati da sakin baki, sai aka fara kallon ta a matsayin tsohon yayi, mai tsabtar da ta yi yawa. Ita ma ba ta ɓoye cewa batsa ba ta burge ta ba. Sai dai duk wanda ya saurari malamar nan ta George da kyau zai ji cewa ba wawiya ba ce. Mace ce da haƙurinta ke tsinkewa zare bayan zare, tana ƙoƙarin riƙe murmushi, yayin da wani yaron mai suna Sidney ke neman hanyar rusa mata aji. Abin lura, ita da Reginald ba su taɓa samun haihuwa ba, amma yaran da ta ƙirƙira sun fi na kowane marubucin zamaninta zama a bakin mutane.

A wajen dandamali mace ce mai tsari har ya so ya yi yawa. Ba ta shan giya, ba ta shan taba, kuma na kusa da ita sun shaida tana da son juya mutane, halin da wataƙila ta gado daga Nancy Astor ɗin da take kuka da ita. Tana amsa wasiƙun masoyanta da hannunta. Sai bayan rasuwarta aka san yawan mutanen da ta taimaka wa a ɓoye da kuɗi da kayan gida. Daga 1960 zuwa 1962 ta zauna a kwamitin Pilkington da gwamnati ta kafa don duba makomar rediyo da talabijin, wanda rahotonsa ya soki tashar ƴan kasuwa da yawan shirme, ya kuma share hanyar buɗe tashar talabijin ta biyu ta BBC a 1964.

Duk rayuwarta mabiyar ɗariƙar Christian Science ce, wadda Mary Baker Eddy ta kafa a Amurka, masu ganin addu'a ce maganin cuta, ba sa gaggawar zuwa wurin likita. Wannan aƙida ta ba ta natsuwar da kowa ke gani a fuskarta, ita ce kuma ta sa ba ta son a yi zancen ciwo ko kaɗan. A 1973 ido ɗaya ya kamu, ta daina gani da shi. A shekarar ce ta yi wasanta na ƙarshe, a fadar Windsor, gaban Sarauniya Elizabeth, ta ajiye dandamali ba tare da wani bikin bankwana ba. Ta ci gaba da fitowa a Face the Music, shirin kacici-kacici na kiɗa a talabijin, ta kuma rubuta tarihin rayuwarta cikin littattafai biyu, a 1976 da 1979. Ciwon idon ashe sankara ce. An cire idon, amma cutar ta riga ta yi nisa.

Ta cika saura kwana 12 su cika shekara 50 da aure, kuma an riga an tsara ba ta muƙamin Dame a jerin girmamawa na sabuwar shekara. A watan Fabrairu na 1980 aka yi taron tunawa da ita a majami'ar Westminster Abbey, wurin ya cika maƙil. Wasiƙun da ta yi ta aika wa mahaifiyarta an buga su a 1988, a shekarar da ƴar wasa Maureen Lipman ta farfaɗo da wasanninta a dandamalin Landan. Reginald ya rayu har 1993. Da hukumar gidan waya ta Birtaniya ta fitar da tamburan wasiƙa na ƴan barkwanci biyar a 1998, huɗu maza ne: Tommy Cooper, Eric Morecambe, Les Dawson da Peter Cook. Ta biyar ɗin ita ce.