Werner Forssmann: Likitan da Ya Zura Roba Daga Hannunsa Har Zuciya

Daga Gwallaga nake rubuto muku. A harkar shanu na taso, kuma kusan kowane zango akwai dattijon da ya kwanta lafiya ya tashi ɓarin jikinsa ya shanye. Cikin abin da ke jawo haka akwai kitse da ke tsuke manyan jijiyoyin wuya masu kai jini ƙwaƙwalwa. Yanzu likitoci kan zura siririyar roba ta jijiyar wuyan hannu, su bi da ita har wuya, su buɗe wurin, su tokare shi da 'yar ragar ƙarfe. Wanda ya share wannan hanya shi ne Werner Forssmann.

An haife shi a Berlin ta Jamus a 1904. Yana ɗalibi ya karanta yadda Faransawa biyu, Chauveau da Marey, suka zura bututu ta jijiyar wuyan doki har zuciyarsa, dokin bai mutu ba. Sai ya ga ai mutum ma zai iya ɗauka.

A 1929, yana ƙaramin likita a asibitin Eberswalde, ya nemi izinin gwadawa, maigidansa ya hana. To, sai ya gwada a kansa. Ya kashe zafin hannunsa na hagu, ya tsaga jijiya a gwiwar hannu, ya tura roba kimanin santimita 65, ya taka da ƙafarsa zuwa ɗakin hoto. Hoton ya nuna bakin robar a cikin zuciya.

Maimakon yabo, manyan likitoci suka ɗauke shi mai ganganci, har ya rasa aikinsa a asibitin Charité. Ya koma fannin mafitsara. Tarihinsa kuma yana da tabo: ya shiga jam'iyyar Nazi a 1932, ya yi aikin likitan soja, aka kama shi fursunan yaƙi har 1945. Bayan nan har saran itace ya yi don ciyar da iyali.

Ashe a Amurka André Cournand da Dickinson Richards sun ɗora a kan aikinsa. A 1956 aka ba su kyautar Nobel su uku. Ya rasu ranar 1 ga Yuni, 1979, ciwon zuciya ne ajalinsa.

Bayansa, Lucien Campeau a Kanada a 1989 da Ferdinand Kiemeneij a Holan a 1992 suka mayar da aikin ta wuyan hannu. Zubar jini ta ragu, majinyaci kuma yakan tashi da wuri fiye da idan ta matsematsi aka bi.

'Yan uwa, ku riƙa auna hawan jini. In baki ya karkace, hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe, ko da na minti biyar ne, a garzaya babban asibiti nan take. Allah Ya ba mu lafiya.