Bernard Fagg: Baturen da ya gane Nok daga mutum-mutumin gonar doya

A shekarar 1943 wani ma'aikacin haƙar kuza a yankin Jama'a ya tsinci wani kan mutum na gasasshen yumɓu a cikin rami. Ya tafi da shi gida, ya kafa shi a gonarsa ta doya don korar tsuntsaye. Da kan ya isa Jos daga baya, sai ya faɗa hannun wani matashin jami'in mulkin mallaka mai suna Bernard Fagg.

An haifi Fagg a Landan a 1915, kuma ya karanci ilimin tono kayan tarihi a Jami'ar Cambridge kafin ya zo Najeriya a 1939. Yana ganin kan nan ya tuna da wani ƙaramin kan yumɓu da aka haƙo tun 1928 a kusa da ƙauyen Nok, wanda yanzu yake ƙaramar hukumar Jaba a jihar Kaduna. Salon ƙirar ya yi kama. Ya fahimci cewa aikin wata al'umma ce guda da ta shuɗe, ya raɗa mata sunan ƙauyen.

Abin da ya yi bayan nan ya fi ganowar kanta muhimmanci. Masu haƙar kuza ba su san darajar gutsattsarin da suke ci karo da su ba, da yawa kuma sun farfashe a wajen wanke ƙasa. Fagg ya riƙa bin kamfanoni da leburori rami-rami, yana roƙon su ajiye masa duk abin da suka gani. Da haka aka tara kawuna masu idanu kamar alwatika da kitso iri-iri, waɗanda suka haura shekara 2,000. A zamanin da ake kwashe kayan tarihin Afirka zuwa Turai, shi ginin ajiye su ya yi a nan gida: gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952.

Ya yi nazarin zanen duwatsu na Birnin Kudu, ya shugabanci sashen kayan tarihi na Najeriya daga 1957, sannan ya yi tono a Taruga kusa da Abuja, inda aka samu wuraren narkar da tama na tun kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A 1963 ya zama shugaban gidan tarihi na Pitt Rivers a Oxford. Ya rasu a 1987.

Sunan da ya yi wa Nok ya zo da tsada. A shekarun 1990 masu tonon sata suka yi wa yankin ca, kayan suka bazu a kasuwannin Turai. Wasu ma sun bayyana a gidan tarihi na Louvre a 2000, kuma sai bayan taƙaddama Faransa ta amince cewa mallakar Najeriya ne, ta ci gaba da riƙe su a matsayin aro.