Sarkin Haɗeja Buhari: Mutumin da ya ɓalle daga Sakkwato, maƙwabta suka biya kuɗin

A tsakiyar ƙarni na 19, sarki ɗaya daga gabashin Daular Usmaniyya ya ƙi bin umarnin Sarkin Musulmi, ya fatattaki rundunar da aka tura masa, ya kuma rasu yana kan gadonsa. Shi ne Muhammadu Buhari, ɗan Sarkin Haɗeja Sambo.

Buhari ya hau sarauta a shekarar 1848, bayan gajeren mulkin 'yan'uwansa Garko da Abdulƙadir. Bai daɗe ba aka zarge shi da kisan ɗan'uwansa Sarkin Auyo, wanda yake gani a matsayin abokin hamayya. Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya tura Waziri Abdulƙadir ɗan Giɗaɗo ya binciki lamarin, amma Buhari ya ƙi miƙa wuya. A 1850 aka tuɓe shi, aka naɗa ɗan'uwansa Ahmadu.

A nan ne taswirar yankin ta yi masa rana. Haɗeja tana bakin iyakar dauloli biyu. Gumel, wadda ƙasarta ta ƙunshi inda Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar suke a yau, ba ta taɓa shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba, domin Barno take bi, haka ma Machina. Buhari ya janye zuwa wannan ɓangare, ya sami goyon bayan Shehun Barno Umar, wanda rauni a gabashin Sakkwato riba ce gare shi. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, da ya ratsa Gumel a 1851, ya rubuta labarin tashin hankalin da rikicin ya jefa yankin. A shekarar ce Buhari ya sake karɓe Haɗeja, Ahmadu kuma ya rasa ransa.

Sakkwato ba ta kawar da kai ba. Aka haɗa runduna daga masarautu da dama, ciki har da ta Kano ƙarƙashin Galadima Abdullahi, wanda daga baya ya zama Sarkin Kano Maje Karofi. A garin Kafur, kudu da Haɗeja, mayaƙan Buhari suka yi musu ba-zata, rundunar ta watse. Wannan karo, da ake kira Gamon Kafur, shi ya raba gardama: daga nan Haɗeja ta ci gashin kanta.

To, amma 'yancin na wane ne? Shekarun da suka biyo baya na hare-hare ne. Dakarun Buhari suka riƙa kai farmaki gabashin Kano da Katagum da sauran maƙwabta, ana ƙone garuruwa, ana kama mutane a sayar da su bayi. Marma ta faɗa hannunsa. Gumel kanta ba ta tsira daga gabar Haɗeja ba, wadda ta ci gaba har 1872, shekarar da Sarkin Gumel Abdullahi ya rasu. Manomin da aka ƙone rumbunsa bai ga bambanci tsakanin Haɗeja mai biyayya da Haɗeja mai 'yanci ba.

Buhari ya rasu a 1863 a yaƙin da ya kai wa Badawa a Gogaram. Ɗansa Umaru ya gaje shi, Haɗeja kuma ta koma inuwar Sakkwato. 'Yancin da aka ɗora a kan takobin mutum ɗaya ya bi shi kabari.

Kwatanci da wani yaƙin ɓallewa na zamani zai haska dalilin haka. A 1991 Sloveniya ta fafata da sojojin Yugoslabiya na kwana goma kacal, ta kuma tabbata ƙasa har yau. Sai dai kafin a harba harsashi, a Disambar 1990, an tambayi jama'a a ƙuri'ar raba gardama, kusan kashi 88 cikin ɗari na masu rajista suka zaɓi ɓallewa. A Haɗeja babu wanda ya tambayi talaka, kuma abin da aka kare shi ne karagar sarki.

Har yanzu ra'ayi a rabe yake kan Buhari. A Haɗeja ana tuna shi a matsayin jarumin da ya hana a taka masarautarsa. A labaran maƙwabta, sunansa na tafiya da ƙuna da bauta. Duka biyun suna da tushe. Matashin da ke jin kiraye-kirayen ɓallewa a Najeriyar yau yana da tambayoyi biyu da zai ɗauka daga Kafur: wa aka tambaya kafin a ɗaga tuta, kuma gonar wa za a ƙone kafin a kafa ta?