Douglas Engelbart: mutumin da ya ƙirƙiro linzamin kwamfuta, duniya ta ɗauki rabin aikinsa

Akwai wani yaro da nake koya wa gyaran kwamfuta a ɗan shagona a nan Nombakélé. Makon jiya na bar shi yana aiki a baƙin allon nan na ba da umarni, wanda masu sana'armu ke kira taminal, inda babu hoto babu ado sai rubutu zalla. Ya danna Ctrl da S don ya adana abin da ya rubuta, kamar yadda ya saba a Word, sai allon ya sandare. Kafin in dawo daga kasuwar Mont-Bouët ya riga ya zare wayar wuta, aikin awa biyu ya bi ruwa. Da Ctrl da Q ya danna da komai ya dawo, domin waɗannan maɓallan gado ne daga tsofaffin injinan aika saƙo, ɗaya na tsayar da rubutu, ɗaya na sakinsa. Ban yi masa faɗa ba, ina ma zai ga an rubuta haka? Tambayar da ya yi mini ce ta tsaya mini a rai: me ya sa ba za a bar mutum ya yi komai da linzami ba? Ita ce ta tuna mini da mutumin da ya ƙirƙiro linzamin, wanda shi kansa bai taɓa nufin a yi aiki da shi shi kaɗai ba.

An haifi Douglas Engelbart ranar 30 ga Janairun 1925 a Portland da ke jihar Oregon ta Amurka, kuma mahaifinsa ya mutu yana ɗan shekara tara. A ƙarshen yaƙin duniya na biyu ya yi aikin na'urar rada da sojan ruwa a Filifin. Can ne, a wani ɗan ɗakin karatu, ya ci karo da maƙalar Vannevar Bush ta 1945, wadda ke hasashen wata na'ura da za ta riƙa adana wa mutum takardunsa tana haɗa wannan da waccan. Ya dawo gida ya kammala digirin injiniyan lantarki a 1948, ya samu aiki mai kyau a cibiyar bincike ta Ames a Kalifoniya.

A Disambar 1950, bayan an sa masa ranar aure, sai ya duba ya ga duk abin da yake buri ya samu: aiki da mata. To sai me kuma? Ya shafe watanni yana juya wannan a ransa, har ya yanke cewa matsalolin duniya suna ƙara sarƙewa fiye da yadda ƙwaƙwalwar mutum ɗaya za ta warware, don haka zai ba da rayuwarsa ga ƙera abin da zai ƙara wa mutane ƙarfin yin tunani tare. A zamanin nan fa kwamfuta ɗaki guda take cikawa, da kati mai huji ake ba ta aiki, a dawo gobe a karɓi amsa. Mutum ya ce zai zauna gabanta suna musayar magana ta allo, ai sai a ɗauka ya zautu. Ya yi digirin digirgir a Berkeley a 1955, ya koma cibiyar bincike ta SRI a 1957, ya kuma rubuta rahotonsa kan haɓaka basirar ɗan Adam a 1962.

Linzamin farko abokin aikinsa Bill English ne ya haɗa shi wajen 1964, bisa zanen Engelbart. Ɗan akwatin katako ne mai taya biyu a ƙasa da maɓalli ɗaya a sama, waya na bin sa kamar wutsiya, shi ya sa suka raɗa masa ɓera, sunan da Faransanci ma ya ɗauka har muke jin sa kullum a bakin kwastomomi a nan. Sun gwada shi da wasu na'urorin nuni, har da alƙalamin haske da wani da ake juyawa da gwiwa, ɓeran ya fi su sauri da rashin kuskure.

Ranar 9 ga Disambar 1968 ya hau dandamali a San Francisco gaban masana kwamfuta kusan dubu, ya yi minti casa'in yana baje kolin manhajarsa mai suna NLS, alhali ita kwamfutar tana Menlo Park, tazarar kusan kilomita hamsin. Ya gyara jerin cefane a allo, ya danna kalma ta kai shi wata takarda, suka yi aiki kan takarda ɗaya da abokinsa da ke can nesa suna ganin fuskar juna. A shekarar da ta biyo baya, saƙon farko na ARPANET, kakar intanet ɗin nan, daga jami'ar UCLA zuwa ɗakin bincikensa aka aika shi.

Wanda ya kalli bidiyon ranar da kyau zai lura da hannunsa na hagu. Dama na kan linzami mai maɓalli uku, hagu kuma na kan wata 'yar na'ura mai maɓallai biyar dogaye, kowane yatsa da nasa. Ka danna na farko ka samu a, na biyu b, ka haɗa su biyun ka samu c, haka har haɗi 31, wanda ya wadatar da baƙaƙen boko. Dabarar tsohuwa ce, Bafaranshen nan Émile Baudot ya yi wa talgiraf irinta tun shekarun 1870. Da ita Engelbart ke ba da umarni: harafi ɗaya na aikin da za a yi, ɗaya na abin da za a yi wa, linzami ya nuna wurin. Idonsa ba ya barin allo, hannunsa ba ya kai-komo. Wato abin da muke kira hanyar yanke a yau da kuma linzami, a wurinsa Hassan da Hussaini ne.

Amma koyon NLS akwai wuya, shi kuma bai ga laifin hakan ba. Yakan kwatanta da keke: mai ƙafa uku kowa zai hau nan take, amma wanda ya daure ya koyi mai ƙafa biyu shi zai yi nisa. Yaransa da dama suka gaji, suka koma cibiyar Xerox PARC a farkon shekarun 1970, har da Bill English, suka tafi da linzamin. Daga can tunanin ya isa Apple, wanda ya fito da Macintosh a 1984 da linzami mai maɓalli ɗaya tal. 'Yar na'urar hannun hagu kuwa aka bar ta a baya. Kuɗin bincike ya ƙafe, aka sayar da aikinsa ga kamfanin Tymshare a ƙarshen shekarun 1970, gidansa ma ya ƙone a 1976. Haƙƙin mallakar linzamin, wanda aka bayar a 1970, na SRI ne, kuma wa'adinsa ya cika a 1987 kafin abin ya game duniya. Bai taɓa samun kaso daga cinikinsa ba.

Ni dai a ganina yana da gaskiya, yana kuma da nasa kuskuren. Duk wanda ya yini a taminal ya san yatsu sun fi linzami sauri nesa ba kusa ba. Sai dai ya raina wahalar mai koyo, kuma mu nan mun fi kowa saninta. A Kano na koyi aiki kan allon maɓallan Ingilishi, na zo Libreville na tarar da na Faransa, inda A da Q suka yi musayar gida, haka Z da W. Farkon zuwana na kai yatsa inda na saba samun Ctrl da Z don in janye kuskure, ashe W ce a wurin, shafin da nake cike wa wani bawan Allah takarda ya rufe ɗungurungum. Lambobi sai ka riƙe Shift, wasu alamomin da manhajojin taminal ke ji da su sai ka haɗa da AltGr. Ga ƙ da ɗ da ɓ namu, babu su a ko wanne allo. Ctrl da C da kowa ya sani da kwafe rubutu, a taminal kashe aikin da ke gudana yake yi.

Shi ya sa nake fara ɗora yara kan nano, wanda ke jera hanyoyin yankensa a layi biyu na ƙasan allo, da Midnight Commander, wanda za ka iya danna umarninsa da linzami yau, gobe ka ga yatsanka ya kai F5 da kansa don kullum kana ganin lambar a gefen sunan. Ko tmux, da aka san shi da tsauri, yanzu in ka kunna masa linzami ka danna dama yakan buɗe jerin zaɓi, kowane da harafinsa a gefe. Wannan ita ce gadar da NLS ta rasa.

Girmamawa ta zo masa a makare. A 1997 ya karɓi lambar Turing da kyautar Lemelson-MIT ta dala 500,000, a shekarar da matarsa Ballard ta mutu. A 2000 Shugaba Bill Clinton ya rataya masa lambar fasaha ta ƙasa. Ya ci gaba da yaɗa manufarsa a wata 'yar cibiya da suka kafa da 'yarsa Christina, kuma har tsufansa da maɓallan nan biyar yake aiki. Ya mutu a gidansa da ke Atherton ranar 2 ga Yulin 2013, yana da shekara 88.

Yaron nawa na rubuta masa hanyoyin yanke guda shida a bayan kwalin shayi, na manna a gefen allo. Jiya na leƙa na ga ya ƙara biyu da birunsa, linzamin kuma na nan a hannun damansa.