Malam Aminu Kano: Jagoran Talakawa (1920-1983)

An haifi marigayi Malam Aminu Kano a unguwar Sudawa cikin birnin Kano a shekarar 1920, a gidan malamai masu kusanci da kotun alƙali. Ya yi karatu a Midil ta Kano da Kwalejin Kaduna, ya koyar a Bauchi inda ya shaƙu da Malam Sa'adu Zungur, sannan ya ƙaro ilmi a Landan a 1946. Ga asali, ga ilmi, babu abin da zai hana shi samun babban matsayi a En'e. Amma a 1950 ya ajiye aikin koyarwa a Maru ya rungumi siyasa.

Abin da ke ci wa talaka tuwo a ƙwarya a wancan zamani ya wuce haraji da jangali da aikin tilas. Akwai wulaƙanci: mutum ya tuɓe takalmi ya faɗi ƙasa gaban hakimi, ɗansa kuma ba ya sa ran gadon komai sai fartanya. Wannan ɓacin rai shi ne ya haifi jam'iyyar NEPU ranar 8 ga Agusta, 1950, wadda Malam ya zama shugabanta a 1953. Teloli da mahauta da ƙananan 'yan kasuwa da malaman allo suka cika ta. A zaɓen 1951 ta yi rinjaye a matakin farko a birnin Kano, amma tsarin zaɓe hawa-hawa ya tankaɗe 'yan takararta. An ɗaure magoya bayanta, an yi wa wasu bulala, duk da haka ba su ja da baya ba.

Fifikon Malam a kan masu hawa fushin jama'a don neman kujera shi ne ya mayar da fushin nan makaranta. Ya koya wa talaka sanin 'yancinsa, ya kuma dage kan ilmin mata. A 1979 jam'iyyarsa ta PRP ta ci jihohin Kano da Kaduna, gwamnatocinta suka soke haraji da jangali.

Ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, a gidansa na Gwammaja, bai tara abin duniya ba. Mu da muka sami ilmi muka zauna birane, ya kamata mu duba yadda muke kallon 'yan uwanmu na gida, domin raini ya fi yunwa zafi. Allah ya jiƙan Malam.