Abdou Moumouni Dioffo: Ɗan Tasawa da ya haɗa aji, ɗakin bincike da ofis a lokaci guda

Dubban ɗalibai ke shiga Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai kullum, amma ba kowa ya san cewa mai sunan a Tasawa, cikin jihar Maradi, aka haife shi ranar 26 ga Yunin 1929 ba.

Tun yana yaro karatu ya raba shi da gida. Ya yi makaranta a Damagaram da Yamai, ya wuce William Ponty a Senegal, sannan ya tafi Faris. A 1956 ya ci jarrabawar nan mai wuya ta agrégation a fannin fiziks, abin da babu ɗan Afirka baƙar fata daga ƙasashen renon Faransa da ya taɓa yi kafinsa. Da wannan takarda yana iya zamansa a Faransa, ya karɓi albashi mai tsoka hankali kwance.

Sai ya dawo ya riƙe alli a Dakar, kuma yana cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar PAI mai neman 'yancin kai a 1957. Da Gini ta ƙi tayin Janar de Gaulle a 1958, Faransa ta kwashe ma'aikatanta, Moumouni ya tattara ya nufi Konakiri don kada azuzuwa su zauna babu malami. Bayan nan ya je Tarayyar Sobiyet ya ƙware kan makamashin hasken rana, ya sauka Bamako ya kafa ɗakin bincike. Sai a 1969, yana ɗan shekara 40, ya dawo Nijar da zama. Duk ɗan ci-rani ya san abin da irin wannan yawo ke ci: bikin dangi da zaman makoki su wuce kana nesa.

A gida ma kayan ƙaruwa suka yi. Ya shugabanci hukumar makamashin rana ta ONERSOL, yana koyar da fiziks, kuma a 1979 aka ɗora masa shugabancin jami'ar Yamai ba tare da ya sauke sauran ba. Malamin jami'a na yau da ke kukan tarin takardun jarrabawa da taron da ba ya ƙarewa zai gane nauyin.

Abin lura shi ne inda binciken nasa ya dosa. ONERSOL ta ƙera na'urorin dafa ruwa, da murhun girki, da na busar da amfanin gona, duk da zafin rana: kayan tsakar gida ne, a ƙasar da mata ke tafiya mai nisa neman itace. Haka littafinsa na 1964, L'Éducation en Afrique, ya soki bokon mulkin mallaka da ke raba yaro da rayuwar mutanensa, ya nemi a koyar cikin harsunan gida, a haɗa karatu da sana'a.

Gidan nasa ma ba na hutu ba ne. Matarsa, Aïssata Moumouni, ita ce mace ta farko da ta shiga gwamnatin Nijar, a 1987, zamanin Ali Saibou.

Ya rasu a Yamai ranar 7 ga Afrilun 1991 yana da shekara 61. A 1992 aka sa wa jami'ar sunansa.